Yadda ake ɗaukar hoton gajimaren Rosette daga Maraɗi

Gabas da rukunin taurarin Oriyon akwai wani ƙaton gajimare na iskar haidirojin wanda masana sararin samaniya ke kira Rosette. Nisansa daga gare mu ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 5,000, faɗinsa kuma wajen tafiyar haske ta shekara 130. Siffarsa ta zobe ce mai rami a tsakiya, kuma cikin ramin ne tarin taurari mai lamba NGC 2244 yake zaune. Taurarin nan ba su wuce shekara ƴan miliyoyi da haihuwa ba, amma sun fi ranarmu girma da zafi nesa ba kusa ba, kuma aiki biyu suke yi wa gajimaren da ya haife su. Na farko, haskensu mai ƙarfi yana raba haidirojin da elektiron ɗinsa, idan kuma suka sake haɗuwa sai su fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656.3, wanda ake kira H-alfa. Na biyu, suna feso ɓurɓushin jikinsu da gudun da ya haura kilomita 2,000 a daƙiƙa guda, alhali iskar da ranarmu ke fesowa wajen kilomita 400 take yi. Wannan iska ta taurari ce ta share tsakiyar gajimaren, kamar wanda ya hura tsakiyar toka ta koma ta taru a gefe. Ramin nan da jan zoben da ya kewaye shi su ne abin da za ka kama da kyamara.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan gajimare ga mai farawa a Maraɗi shi ne matsayinsa a sama da kuma girmansa. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da layin ikwaita, shi kuma Rosette yana kan digiri 5 arewa a taswirar sama, saboda haka idan ya kai ƙololuwarsa yakan tsaya wajen digiri 81 daga ƙasa, wato kusan tsakar ka. Masu wannan sha'awa a Faransa ko Ingila ba su taɓa samunsa a wannan tsayi. Faɗinsa a ido kuma ya haura na cikakken wata sau biyu, don haka ba sai da babban madubin hangen nesa ba. Lens na kyamarar da ake ɗaukar hoton biki da ita ma yana iya isa.

Abin da ya kamata a fara tsayarwa shi ne lokaci, domin kuskure a nan ba kayan da ke gyara shi. Da damina gajimaren yana kusa da rana, ga kuma hadari. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne yake fitowa da wuri, amma a lokacin ne hazo ke cika sama. Mafi kyawun dama a ganina ita ce daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan ruwa ya ɗauke ya bar sama a wanke, kafin ƙurar hunturu ta kankama. A tsakiyar Nuwamba yakan kai digiri 40 wajen ƙarfe 12 na dare, ya kai ƙololuwa wajen 3 da rabi, kuma duhu na nan har kiran sallar asuba, wato kana da awa biyar na aiki. Kowane dare yana riga na jiya fitowa da minti 4, shi ya sa a tsakiyar Janairu yake kai ƙololuwa wajen 11 da rabi na dare. Wanda Nuwamba ta wuce shi kada ya fid da rai, domin a cikin hunturu ma akan sami daren da iska ta kwanta ƙura ta sauka, kuma abin da ke tsakar ka hazo bai cika cutar da shi ba kamar abin da ke gefen sama. Idan da yamma rana ta dushe ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, wannan dare ba na fita ba ne.

Sai kuma wata. Lissafin watan Musulunci ya isa jagora a nan: daga 27 ga wata zuwa 6 ko 7 ga sabon wata. Tun da bayan tsakar dare za a yi aikin a Nuwamba, jinjirin watan da ke faɗuwa kafin sha biyu ba ya hana komai.

Wajen zaɓen wuri, ka fita ta gabashin gari, kamar ta hanyar Tasawa, don fitilun birni su koma bayanka ta yamma, gabas da arewa kuma su kasance a buɗe babu itatuwa masu tsawo. Ka nisanci titi saboda fitilun manyan motoci, ka nisanci fadamar Gulbi saboda raɓa, ka kuma lura da gonakin da ake ƙona kara bayan girbi, don hayaƙi ya fi hazo ɓata hoto. Ka je tun da rana ka ga wurin, ka gaisa da mai gona da mai gari ka gaya musu abin da ya kawo ka, domin baƙo mai kafa ƙarafa a gona da tsakar dare abin zargi ne, kuma da gaskiyar mutane. Kada ka tafi kai kaɗai, ka tambayi halin tsaro kafin ka nufi kudu wajen iyaka, ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. Wanda ke da tsakar gida mai duhu a gefen gari zai iya farawa daga nan.

Kayan aikin su ne kyamara mai canza lens wadda ke ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, irin su Canon ko Nikon ko Sony ko da ta hannu ce, da lens mai tsawon milimita 135 zuwa 300, da ƙafa uku mai nauyi wadda ba ta rawa, da rimot mai ƙidayar lokaci don yawancin kyamarori ba sa wuce daƙiƙa 30 da kansu, da batir biyu ko uku a cike, da tocila mai jan haske, da farin ƙyalle, da salatif. A kan kyamara mai sensa, wato farantin da ke kama haske a cikinta, mai girman da ake kira APS-C, lens na milimita 200 yana ɗaukar fili wajen digiri 6 a 4, gajimaren kuma digiri 1.3 ne, don haka zai zauna a tsakiya da sarari a kewaye.

Abu guda da ba makawa sai an saya shi ne na'urar bin taurari, kamar Star Adventurer ta kamfanin Sky-Watcher ko SkyGuider ta iOptron. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma da lens na milimita 200 daƙiƙa biyu sun isa tauraro ya zama ɗan layi maimakon ɗigo. Na'urar tana juya kyamara daidai da gudun sama, sai ka iya barin idon kyamara a buɗe na minti ɗaya ko fiye. Kafin ka yi oda ka tabbata gindinta yana sauka har digiri 13, domin wasu an ɗaura su ne don ƙasashen arewa, sai an kwance an sauya musu zama. Idan kuɗi bai isa a sayi komai lokaci ɗaya ba, wannan na'ura ce ke gaba da sabon lens, tana kuma gaba da sabuwar kyamara.

Akwai wata matsala da ya kamata ka sani tun yanzu. Masu ƙera kyamara suna sa wani gilashi a gaban sensa don launin fatar mutum ya fito daidai, wannan gilashi kuwa yana tare mafi yawan hasken H-alfa. Wasu sukan ba da kyamara a cire shi, wasu kuma su ƙara filta mai barin zango biyu kawai su wuce, wato jan haidirojin da na oksijin mai nanomita 500.7, kamar L-eNhance ta Optolong, wadda ke rage illar fitilun gari da hasken wata. Duka biyun suna da amfani, amma ban ba mai farawa shawarar ya taɓa cikin kyamarar da yake cin abinci da ita ba. Rosette yana da hasken da zai fito a kyamarar da ba a taɓa ba, in dai sama ta yi duhu an kuma tara awoyi.

Da ka isa wurin, ka kafa ƙafa ukun a kan tubali ko faffaɗan dutse, domin ƙasar jigawa tana nutsewa a hankali cikin dare, nutsewar da ido ba ya gani amma ta isa ta karkatar da saiti. Ƙafa ɗaya ta fuskanci arewa, ka daidaita saman ya kwanta sosai, sannan ka ɗora na'urar da kyamara da duk nauyin da za su ɗauka, ka gyara ma'aunin nauyi har kyamara ta daina rinjaya gefe ɗaya idan an sake ta.

Daga nan sai saita na'urar da tauraron arewa, wato Polaris, kuma a nan ne ɗan Maraɗi ke shan wahalar da Bature ba ya sha. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da matsayin garinka, ke nan digiri 13 da rabi kacal. Idan ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne, saboda haka tauraron yana sama da ƙasa da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, a daidai inda ƙura da hayaƙi suka fi kauri, ga shi kuma ba mai haske sosai ba ne. Ka sa gindin na'urar a kan 13.5 tun da rana, ka nemi arewa da kamfas ɗin waya kana nesa da babur ko mota don ƙarfe yana ruɗa shi, sannan ka leƙa ta ɗan madubin da ke cikin na'urar. Polaris ba ya kan tsakiyar juyawar sama daidai, yana gefe da kusan kashi biyu cikin uku na digiri ɗaya, shi ya sa aka zana da'ira a cikin madubin. Manhajar waya ta kamfanin na'urar za ta nuna maka inda za ka ajiye tauraron a kan da'irar a wannan sa'a. Da sukurorin gindin kaɗai ake matsar da shi, ba a ɗaga ƙafa ba a tura ta. Ka ba wannan aiki minti ashirin idan ya nema, domin kowane hoto na daren a kansa ya dogara. Bayan ka juya kyamara zuwa ga gajimaren, ka sake leƙawa ka ga ko tauraron yana inda ka bar shi.

Neman Rosette ba wuya. Ka sami taurari uku da ke jere a tsakiyar Oriyon, ka sami jan tauraro Betelgeuse a arewa da su, sannan ka duba gabas ka ga Procyon mai haske. Gajimaren yana kan kashi ɗaya cikin uku na hanyar da ta taso daga Betelgeuse zuwa Procyon, ɗan kudu da layin kaɗan, wato dunƙule ɗaya daga Betelgeuse. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce a kwamfuta, za ta nuna maka idan ka rubuta NGC 2244. Ido ba zai ga jan zoben ba, don idon mutum ba ya kama ja a cikin duhu. Abin da za ka gani a hoton gwaji shi ne taurari shida a jere biyu-biyu, su za ka sa a tsakiyar allo.

Kafin haka sai ka gyara fokas. Ka kashe fokas mai sarrafa kansa, ka kashe mai hana rawar hannu, ka nufi tauraro mai haske kamar Procyon, ka kunna allo ka ƙara girman hoton sau goma, ka juya zoben a hankali har tauraron ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, ƙananan taurarin da ke gefensa su bayyana. Kada ka amince da alamar iyaka da ke jikin lens, don yawanci tana wuce wurin. Akwai wani faifai mai tsage-tsage da Pavel Bahtinov na Rasha ya ƙirƙiro a 2005, wanda idan aka ɗora shi a bakin lens tauraro ke fitar da layi uku, idan na tsakiya ya raba biyun daidai to fokas ya zauna. Da ka samu sai ka manne zoben da salatif. Idan lens ɗin mai zuƙowa ne ka manne wancan zoben ma, domin idan kyamara ta kalli tsakar ka nauyin gilashi yakan ja shi ya zame. Sanyin asuba yana sauya fokas kaɗan, don haka ka duba shi kowace awa.

Ka sa kyamara a kan B, wato saitin da ke barin idonta a buɗe har tsawon lokacin da rimot ya ƙayyade, tsarin RAW, ISO (ƙarfin jin haske) 800 ko 1600. Ka rufe bakin lens mataki ɗaya daga iyakar buɗewarsa, misali daga f/2.8 zuwa f/4, don taurarin gefe su yi kyau. Ka kashe saitin rage dusa (wato ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoto) na dogon ɗauka, domin yana cinye rabin darenka a kan aikin da kwamfuta za ta yi fiye da shi. Ka ɗauki gwaji na daƙiƙa 60 ka ƙara girmansa. Idan taurari sun fito ɗigo-ɗigo ka gwada 90, idan sun ja wutsiya ka koma 45 ko 30 ko ka sake saitin arewa. Hoto mai gajeren lokaci da taurari zagayayyu ya fi mai dogon lokaci da taurari masu wutsiya. Ka duba histogiram, wato zanen da ke nuna yawan haske da duhun hoto: tudun ya rabu da bangon hagu, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin.

Hoto guda zai ba ka kunya, don ba za ka ga komai ba sai taurari da ɗan ja-ja da ƙyar. Haka yake ga kowa. Hasken gajimaren yana taruwa ne idan an haɗa hotuna da yawa, dusar sensa kuma tana raguwa, amma ba kai tsaye ba: sai ka ninka yawan hotuna sau huɗu kafin tsabtar hoton ta ninka sau biyu. Saboda haka ka nufi awa biyu a ƙalla, wato hoto 120 na minti ɗaya-ɗaya, kuma awa huɗu ta fi ga kyamarar da ba a cire wa gilashi ba. Ka sa rimot ya bar daƙiƙa uku zuwa biyar tsakanin hotuna, ka rufe allo don yana ɗumama sensa, ka ja da baya ka daina taka ƙasa kusa da ƙafar. Bayan kowane hoto goma sha biyar ko ashirin ka ɗan gusar da kyamara kaɗan ƙwarai, don kada lalatattun fiksel, wato ɗigogin sensa, su riƙa faɗawa wuri ɗaya su bar zane a hoton ƙarshe. Wajen ƙarfe 3 da rabi a Nuwamba, lokacin da gajimaren ke tsallaka tsakar sama, ka lura kada kyamara ta je ta daki ƙafar. Idan ta kusa sai ka juya ta ɗaya gefen ka sake saita filin. Ka riƙa haska bakin lens da jar tocila ka ga ko raɓa ta kwanta.

Kada ka kwance kaya sai ka ɗauki hotunan gyara iri uku. Na farko su ne na duhu: ka rufe lens da murfinsa, ka bar ISO da tsawon lokaci yadda suke, ka ɗauki 20 zuwa 30 a wurin, domin dusar da zafi ke haifarwa tana ninkawa duk lokacin da sensa ta ƙara zafi da digiri 6 ko makamancin haka, kuma wanda aka ɗauka a ɗaki da rana ba zai dace da na dare ba. Na biyu su ne na farin fili, waɗanda a ƙasa mai ƙura irin tamu ba a yin sakaci da su: ka shimfiɗa farin ƙyalle a bakin lens ba tare da ka taɓa fokas ko buɗewar ba, ka nufi sama bayan gari ya fara wayewa ko farin allon kwamfuta, ka sa kyamara ta zaɓi saurin da zai kai tudun histogiram tsakiya, ka ɗauki 20 zuwa 30. Su ne ke goge inuwar ƙurar da ke kan sensa da duhun kusurwoyi. Na uku kuma murfi a rufe, ISO ɗaya, sauri mafi girma da kyamara ke da shi kamar 1/4000, ka ɗauki 30 zuwa 50.

Sauran aikin na kwamfuta ne. Manhajar Siril kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ka fara duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ka zubar da duk wanda ya yi rawa ko fitilar mota ta haske shi. Sannan ka buɗe jaka huɗu da sunayen da manhajar ke nema, lights don hotunan gajimaren, darks don na duhu, flats don na farin fili, biases don na saurin nan, ka kunna umarnin OSC_Preprocessing. Ka tanadi wajen gigabait 100 a faifai idan hotunan sun kai 150 daga kyamara mai megafiksel 24, ka kuma cika batirin kwamfuta saboda ɗaukewar wuta. Manhajar za ta cire dusa, ta jera taurari a kan juna, ta haɗa su hoto ɗaya wanda zai fito kusan baƙi ƙirin.

Ka yanke gefunan da suka lalace, sannan ka cire rashin daidaiton hasken baya, kana lura kada ɗigogin da manhajar ke auna hasken baya da su su hau kan gajimaren, in ba haka ba manhajar za ta ɗauke shi a matsayin datti ta goge. Sai gyaran launi ta hanyar auna taurari, wanda ke buƙatar intanet da sunan NGC 2244 da tsawon lens ɗinka. Bayan haka ne ake ƙara wa hoton haske, kuma a hankali ake yi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, har zoben ya fito da raminsa da baƙaƙen jijiyoyin ƙura da ke ratsa gefensa. Kada ka mai da sama baƙa wuluk, don raunanan gefunan gajimaren a nan suke, kada kuma ka cika ja har ya zama fenti. Da yake Rosette yana cikin yankin sama mai cunkoson taurari, manhajar StarNet tana taimakawa wajen ware taurari gefe, a gyara gajimaren shi kaɗai, sannan a mai da su a rage musu ƙarfi. Ka ajiye a tsarin TIFF mai bit 16 ka ƙarasa a manhajar gyaran hoto ta GIMP.

Idan hoton ya fito da dusa, maganinsa ƙarin dare ne da lens ɗaya da saiti ɗaya, a haɗa da na farko, kowane dare da hotunan farin filinsa. Wanda ya gama da Rosette kuma ya sami ƙaramin madubin hangen nesa da filta mai zango biyu, akwai NGC 2359 arewa maso gabas da tauraron Sirius, kumfar da iskar tauraro guda mai suna WR 7 ta hura, ana samunsa a darare ɗaya da Rosette. Akwai kuma NGC 6888 a rukunin taurarin Cygnus, wanda William Herschel ya gano a 1792, aikin iskar tauraron WR 136. Shi a Oktoba ake nemansa, daga bayan sallar isha'i zuwa wajen ƙarfe 10 da rabi, kafin ya gangara yamma.